Yadda Aka Yi Na Zama Salisu Tsundum

Rannan jikata Ummi ta dawo daga Islamiyya tana kuka, wai wata yarinya ta ce mata jikar Tsundum, jikar matsoracin da ya faɗa kogi don gudun duka. Na rarrashe ta ta yi shiru, amma ni raina bai kwanta ba har na idar da sallar la'asar. Ku ma iyayenta kun sha wannan tsokanar tun kuna firamare, na sani, kuma ban taɓa buɗe baki na gaya muku komai ba. Ba don ban damu ba ne. Alƙawari ne ya ɗaure min baki, mutumin da na yi wa shi kuwa, Gambo, ya rasu bara, Allah Ya jiƙansa. To yanzu ku ji yadda aka yi daga bakina, ba daga bakin masu zaman teburin mai shayi ba.

A shekarar da uwarku Hajara take da cikin Yayanku, ni tela ne a kasuwar Wudil, kuma ran Lahadi ni alƙalin wasa ne. Gwiwa ce ta hana ni buga ƙwallo, sai na ɗauki usur don kada in rabu da fili. Muna da gasa ta ƙungiyoyin unguwanni da ƙauyukan kewaye, ana bugawa duk Lahadi bayan la'asar a wani fili da ke bakin kogi. Sai kun gane yadda filin nan yake kafin ku gane sauran labarin. Gefe guda kogi ne. Sauran gefunan lambuna ne masu shingen ƙaya, ko akuya ba ta keta su. Hanyar fita ɗaya ce tak, wani lungu tsakanin lambuna wanda mota ɗaya take cika shi, a bakinsa akwai bishiyar mangwaro. Gidan gola kuwa babu raga, turaku ne biyu da gora a sama. A shekarar nan gorar gefen kogi ta karye, aka ɗaura igiya a madadinta, aka ce za a gyara, har yau ana gyarawa.

Wanda ya koya min alƙalanci, marigayi Malam Idi, bai fara da dokokin wasa ba. Ranar farko ya kama hannuna ya kai ni gindin mangwaron nan ya ce, "Nan za ka riƙa kafe mashin ɗinka, hancinsa yana kallon titi. In lokaci ya kusa cika, ka riƙa matsowa nan a hankali kamar ƙwallo kake bi. Usur ɗin tashi kuwa ba a tsaye ake busa shi ba, a guje ake busa shi." Duk alƙalan Wudil haka muke yi, kowa ya sani. 'Yan kallo ma ba sa tambayar saura minti nawa, da sun ga rafali ya fara karkata wajen mangwaro sun san an kusa tashi.

Ƙungiyar da kowa ke shakka ita ce ta 'Yan Yashi. Su ne masu shiga kogi da kwalekwale su yi nutso su ɗebo yashi, su loda wa tipa da shebur. Mutum ya wuni yana wannan aiki, ai ba sai an gaya maka yadda damtsensa yake ba. Kyaftin ɗinsu shi ne Gambo, mai tsaron baya, baƙi dogo, ba ya yawan magana. A farkon gasar sun je Darki wasa, aka yi karo, ƙafar ɗan wasansu ɗaya ta karye, kuma bai ƙara shiga kwalekwale ba. 'Yan Yashi suka ce da gangan ne. Sai ga shi Allah Ya haɗa su da samarin Darkin nan a wasan ƙarshe, kuma a filinmu na bakin kogi. Tun ana saura mako ake ta maganar a gari, wai ko sun ci ko ba su ci ba, sai wani ɗan Darki ya koma gida a kwance.

Alƙalai kowa ya samo uzuri. Wannan matarsa za ta haihu, wancan zai je Kano gaisuwar rasuwa. Sai aka faɗo kaina, wai ubana ɗan Wudil ne, uwata 'yar Darki, don haka kowane ɓangare ya yarda da ni. Na ji daɗin wannan magana, ba zan ɓoye muku ba, har na amsa kafin in yi tunani.

Ran Juma'a, bayan kasuwa ta fara watsewa, Kawu Audu, ƙanin mahaifiyata, ya biyo ta shagona. Ɗansa Nasiru shi ne ɗan gaban Darki, wannan dai Baba Nasirun da kuka sani. Muka gaisa, ya tambayi mai ciki, na tambayi mutanen gida da amfanin gona. Ya ƙi zama a kujera, ya tsaya riƙe da sandarsa.

"Salisu, dattawa sun ce kada yaran nan su zo. Ni na ce su zo, tunda kai ne a tsakiyar fili."

"Kawu, ai ni usur kawai gare ni."

"Ban ce ka ba su nasara ba. Kofin banza, me za mu ci a cikinsa? Yadda suka zo da ƙafafunsu, ka dawo min da su da ƙafafunsu. Amana ce na ba ka."

Na ce to, Allah Ya ba ni iko. Yana fita na zauna kan keken ɗinki, na bar ɗinkin a gabana ina ta juya maganarsa.

Uwarku kuwa ba ta ɓoye nata ba. Ran Lahadi da rana ina neman baƙin gajeren wandona na wasa, na duba ko'ina babu, ashe ta jiƙa shi a bokiti da gangan. Ta zauna a bakin ƙofar ɗaki da cikinta a gaba, ta miƙe ƙafafu ta tare hanya.

"Malam, in kana so ka fita sai dai ka tsallake ni. Matar Gambo da kanta ta ce min sun kai gorori lambu sun ɓoye."

"Surutun mata ne, Hajara."

"To, surutun mata ne. Ɗan da ke cikin nan in ya tambaye ni ubansa, sai in ce ya tafi raba faɗan ƙwallo?"

Na matse wandon na sa shi da danshinsa, na ce ta yi min addu'a. Ba ta janye ƙafafun ba, ta gefe na raɓa na wuce, ta juyar da kai ta ƙi kallona. Ina tura mashin ina jin kukanta.

Na isa fili da wuri, na kafe mashin a gindin mangwaro yadda aka koya min. Mutane suka yi ta kwararowa har suka taka layin fili, wasu a kan turakun lambu, wasu a kan tulin yashi. Ana dab da farawa 'yan Darki suka iso a akori-kura guda. Direbansu baƙo ne, bai san al'adar filin ba. Ya ga inuwa, sai ya juya motar ya ajiye ta a gindin mangwaron, jikin mashin ɗina, a daidai bakin lungu. Ina can tsakiyar fili ina jefa kwabo tsakanin kyaftin biyu, ban lura ba. Sai da aka tafi hutun rabin lokaci na ɗaga ido na gani. Mashin ɗina da motarsu sun zama abu ɗaya. Duk wanda ya biyo ni wajen mashin, a kan yaran Kawu zai sauka.

Na nemi direban, aka ce ya shiga gari cin abinci, sai an kusa tashi zai dawo. Na je wajen 'yan Darki kamar ruwa zan sha, na tsuguna kusa da Nasiru.

"Ka gaya wa 'yan'uwanka, in kun ji na busa usur ban sake shi ba, kada wanda ya tsaya neman takalmi ko riga. Ku hau mota."

"Yaya Salisu, lafiya?"

"Ka yi abin da na ce maka."

Wasan kansa ba zan iya ba ku labarinsa da kyau ba, don rabin hankalina ba ya kan ƙwallo. Abin da nake tunawa shi ne babu waƙa, babu kiɗa. Filin da ake cika shi da ihu, ran nan har ƙarar takalma kana ji. Duk sanda na busa laifi a kan 'Yan Yashi sai in ji an kira sunana daga cikin taro, a hankali, ba da ihu ba, "Salisu tela, mun san shagonka." Na ga wasu samari sun nufi gindin shingen lambu sun dawo hannuwansu a bayansu. Babu wanda ya ci wani, ni kuwa addu'ata ɗaya, a tashi canjaras a je bugun fenariti, 'Yan Yashi su ɗauki kofinsu kowa ya kama gabansa.

Rana ta yi ja, inuwar mangwaro ta kai tsakiyar fili, lokaci ya kusa cika. Sai aka bugo kwana ta gefen kogi, inda igiyar nan take. Nasiru ya tashi ya sa kai. Ina tsaye kusa da turke, na ga ƙwallo ta daki igiya ta wuce. Babu raga da za ta riƙe ta ta ba da shaida, ta tafi abinta cikin yashi. Nan take 'yan kallo suka ɗauka da murya ɗaya, "Ta sama! Ta sama ta bi!" Amma ni na ga igiyar. In ƙwallo ta goge ta ta sama, ƙasa igiya take lotsawa. Wannan sama ta yi tsalle. Ta ƙasa ƙwallon ta shiga, ci ne, ko a gaban wa zan faɗa.

Wallahi na so in ce ta sama ta bi. Babu wanda zai zarge ni, Kawu ma cewa zai yi na kyauta. Na ji maganarsa a kunnena, kofin banza, me za mu ci a cikinsa. Amma kafin zuciyata ta gama shawara, hannuna ya riga ya nuna tsakiyar fili, usur ya riga ya fita. Kada ku ce jarumta ce. Shekaru ne na saba, ido ya gani hannu ya nuna, ba ya jiran izini. Ina sauke hannun na san na jefa yaran da aka ba ni amana cikin abin da aka ce in fitar da su.

Sai na ga gororin sun fito. Mutane suka fara shigowa daga kowane gefe, ba gudu suke ba, tafiya suke, wannan ya fi ba ni tsoro. Wasu samari har sun fara karkata wajen mangwaro don su riga ni, tunda kowa ya san inda rafali yake nufa. Na hango 'yan Darki sun taru waje guda kamar tumaki, direbansu ya dawo yana tsaye da leda a hannu ya saki baki. In na yi wajen mashin, duk taron nan zai toshe lungu, motar ba za ta fita ba. Ni suke so da farko, wannan na sani. To sai in kai su inda babu kowa.

Na cika ƙirjina da iska, na busa usur ban sake shi ba, na juya na zura a guje wajen kogi.

Kai, ban taɓa jin ihu irin na ranar ba. "Ga shi can! Ya yi kogi! Ku tare shi!" Har waɗanda suka je gadin mangwaro suka baro shi suka biyo ni, don babu wanda yake so a yi dukan rafali ba da shi ba. Ina gudu da gurguwar gwiwa a cikin yashi, ƙafa tana nutsewa, ina ta busawa don kada su ɓace ni. Wani hoge ya same ni a kunnen hagu, na ji kamar an rufe ƙofa a kaina, wani abu mai ɗumi ya gangaro min wuya. Ban waiwaya ba. Na zo bakin ruwa, babu sauran ƙasa a gabana. Ku sani, ni ɗan Wudil ne amma ban iya ruwa ba, tun ina yaro mahaifiyata ta hana ni zuwa kogi. Na ce a raina bakin nan ba shi da zurfi, in shiga zuwa ƙugu in tsaya, in ƙara ja musu lokaci.

Na shiga, ruwa ya kai gwiwa, ya kai cinya. Sai na ji ihun bayana ya canza. Muryar Gambo ce ta fi kowacce.

"Rafali, tsaya! Kada ka ƙara taku! Tsaya nan!"

Na ɗauka so yake in tsaya ya kama ni. Ashe daidai nan ne suke ɗibar yashi, sun haƙa rami a ƙarƙashin ruwa wanda ya fi tsayin soro, kuma duk ɗan yashi ya san wurin. Na ƙara taku ɗaya, ƙasa ta ɓace. Wannan ƙarar faɗawar ita ce sunan da kuka gada.

Ba na son tuna abin da ke cikin ruwan nan. Duhu ne ja, da sanyi. Na buɗe baki zan yi salati ruwa ya shiga, usur ya tafi. Na yi ta duka da hannu da ƙafa ban san ina ne sama ba. Na tuna uwarku a bakin ƙofa da ƙafafunta a miƙe, na ce shi ke nan, ta faɗa min. Ƙirjina ya yi kamar zai tsage. Daga nan sai na ji an damƙi wuyan rigata ta baya an fizga.

Na farfaɗo a kan yashi ina aman ruwa, Gambo yana durƙushe a kaina, jikinsa sharkaf, takalman ƙwallo a ƙafarsa. Taron ya kewaye mu, gororin duk sun sauka ƙasa. Mutanen kogi ne, sun sha ciro gawa daga ramukan nan, ganin mutum yana nutsewa ya kashe musu fushi. Ni kuwa da kunnen da ya rage min nake saurare. Can nesa na ji kukan akori-kura tana canza giya a kan titi. Ban san sanda bakina ya furta ba.

"Sun fita?"

Gambo kaɗai ya ji. Ya ɗaga kai ya dubi gindin mangwaro, babu mota, sai mashin ɗina shi kaɗai. Ya dawo da idonsa kaina ya daɗe yana kallona. Na ce a raina yau kam zai mayar da ni cikin ramin da hannunsa. Sai ya sunkuyo kamar yana duba min kunne.

"Da gangan ka yi," ya ce a hankali.

Ya ƙara matso da bakinsa kusa da kunnena na dama.

"In yaran nan suka gane wasa ka yi da hankalinsu, yau ɗin nan za su cika tipa su tafi Darki, ni ma ba zan iya tare su ba. Ka bari a ce tsoro ne. Ka yi min alƙawari."

Na ce masa, "Gambo, ai ba sai na yi ƙarya ba. Tsoron ne."

Ya miƙe ya juya wajen jama'a, ya ɗaga murya ya ce, "Ku zo ku ga rafali! Ya ga gora ya yi tsundum!" Aka fashe da dariya, har da masu faɗuwa ƙasa. Dariyar nan ita ta watsa taron. Ina kwance ina jin suna kwaikwayon gudun da na yi, kunya kamar ta kashe ni, amma kowa ya tafi gida yana dariya, babu wanda ya ƙara tuna Darki.

Abin da ya biyo baya kun san shi. Kunnen hagu bai ƙara ji ba, shi ya sa kuke zagayowa dama in za ku yi min magana. Ba a ƙara ba ni wasa ba, wa zai ba matsoraci usur? Ni ma ban nema ba. Yara suka riƙa tsayawa a ƙofar shago suna cewa tsundum su ruga, wasu masu kawo ɗinki suka koma wani wajen. Har yau in mota za ta hau gada da ni, runtse ido nake sai mun sauka. Uwarku ta yi kwana da kwanaki ba ta yi min magana ba, tana dai gasa min kunne da tsumma tana tsaki. Ita ma ban gaya mata ba sai da Gambo ya rasu. Da na gaya mata cewa ta yi, "To da me? Da ka mutu fa?" Ta tashi ta shiga ɗaki, na ji tana fyace hanci.

Gambo kuwa, muka zama abin da ban san sunansa ba. Duk Sallah ni nake masa ɗinki. In ya zo karɓa, sai ya gwada rigar, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Amma dai ta sama ta bi." In ce, "Ta ƙasa." Ya tafi. Ko sau ɗaya bai ƙara tayar da ɗaya maganar ba, har ya koma ga Allah.

Washegarin wasan Kawu Audu ya zo daga Darki ya same ni a kwance, kai a naɗe. Ya zauna a bakin tabarma, wannan karon ya zauna. Bai tambaye ni yadda aka yi ba, ni ma ban faɗa ba. Ya dafa ƙafata ya ce, "Sun iso, Salisu. Dukkansu, da ƙafafunsu."

Don haka Ummi, da ku duka, in Baba Nasiru ya zo gaishe ni ran Sallah, ku dubi yadda yake shigowa zaure yana taka ƙasa da ƙafafunsa biyu. In kuma wani ya ƙara kiran ku 'ya'yan Tsundum, kada wanda ya yi kuka. Ku amsa.